Daga Sabon Gari zuwa Amichi, inda aka ajiye bindiga

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, tsohon soja ne, amma ba irin masu zama gindin bishiya suna ba da labarin fagen fama ba. An ɗauke shi a daffon Zariya a 1967, lokacin da ake kwasar samari a ba su horon 'yan makonni a tura su Gabas, kuma a Runduna ta Ɗaya ya yi yaƙin basasa har ƙarshensa. Duk zamanmu da shi labari ɗaya tak yake maimaitawa. Wai wata safiya a watan Janairun 1970 suka ga mutane na ɓullowa daga daji, ƙashi da rai, da ganyen kwakwa a hannu, suna cewa "Wan Najeriya", wato Najeriya ɗaya ce. Shi da abokansa suka tsaya cirko-cirko, ba wanda ya gaya musu abin yi, har sai da wani kofur ya kwance buhun garin kwaki. Da ya kawo nan sai ya yi shiru, ya ce a miƙo masa buta.

Shi ya sa da abokin cinikina, wani Ibo mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari, ya kawo min katin bikin 'yarsa da za a yi a Nnewi farkon watan Janairu, tambayar da na fara yi masa ita ce nisan garin da Amichi, ƙauyen da Biyafara ta ajiye makamai. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai a acaɓa sai ka je ka dawo shayinka bai huce ba." Shekara goma sha bakwai muna hulɗa. Haifaffen Kano ne, in yana zuba karin magana a waya ba ka ce ba ɗan Fagge ba ne. Uwargida ta ce ita dai ba da yawunta ba, ga labaran da ake ji daga can. Na ce mata mutumin nan ya zo jana'izar mahaifina, ya zauna kan tabarma har aka yi addu'ar uku, da wane ido zan kalle shi in na ƙi?

Ranar Laraba na je tashar New Road. Kuɗin doguwar bas zuwa Onitsha naira 38,000, wai don lokacin biki ne. Sai an laluba ka an buɗe jakarka kafin ka shiga, al'adar da ta zauna tun bam ɗin da ya tashi a tashar a 2013. An ce ƙarfe huɗu za a tashi, ba mu motsa ba sai bayan isha'i. Kafin mu kai Kwanar Dangora wani fasto ya yi wa'azi ya karɓi sadaka, mai maganin basir ya karɓe shi. Zariya, Kaduna, Abuja, duk a cikin barci da ciwon wuya na wuce su. Na farka muna kan gadar Murtala kusa da Lokoja, hazo ya rufe kogin Kwara, na yi asuba a gefen wata rumfar masu shayi 'yan Katsina.

Daga Okene zuwa Agbor na fara ƙirga shingayen bincike, na kai goma sha tara na gaji na daina. Wani an gicciya itace, wani tsofaffin tayoyi, wani buhunan yashi. Kwandasta ba ya ko magana, hannu yake zurowa ta taga a naɗe, masu kaki su ɗaga itace. Sau ɗaya aka sauke mu duka, aka dubi hulata aka tambaye ni abin da zan je yi. Da na fito da katin biki sai mutumin ya juya shi gaba da baya, ya ce in kawo masa shinkafa in zan dawo.

A Asaba matar da ke kusa da ni, wadda tun Kano ba ta ce min uffan ba, ta nuna wata unguwa da baki ta ce kakanta a nan aka kashe shi. Na san abin da take nufi. A watan Oktoban 1967 sojojin Tarayya na Runduna ta Biyu sun tara mazan garin sun buɗe musu wuta, ɗaruruwa suka mutu. Mu a Arewa ba a koya mana wannan ba, kamar yadda na lura su ma ba sa son dogon zance kan daren 15 ga Janairun 1966 da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Birgediya Maimalari cikin watan azumi. Kowa gawarsa yake ƙirgawa. Na ce mata Allah ya jiƙansa, ta ce amin da Hausa, ta miƙo min ayaba.

Ta tsohuwar gada muka haye, wadda aka gama a 1965, sojojin Biyafara suka karya wani sashenta da nakiya a 1967 don tare hanya. Rashin gadar ne ya sa Murtala, kwamandan Runduna ta Biyu, ya yi ta ƙoƙarin haye kogin da jiragen ruwa, aka yi asarar sojoji masu yawa. Yanzu ga sabuwar gada can ƙasa kaɗan, an buɗe ta a 2023.

Onitsha kuwa, wanda yake ganin Kantin Kwari da Kasuwar Singa sun cika hayaniya bai sauka a Upper Iweka da azahar ba. 'Yan kamasho uku suka kama jakata lokaci ɗaya, kowa na ja. Da ƙyar na ƙwace na nufi wajen 'yan albasa da tumatir na bakin gada, inda na ji Sakkwatanci na tashi kamar a Illela. Nan na ci shinkafa da wake na naira 1,500, aka ba ni buta da tabarma, wani dattijo ɗan Gwadabawa da ya shekara talatin a garin ya sa yaronsa ya raka ni har motar Nnewi. Ya ja min kunne kan abu biyu: kada dare ya same ni a hanya, kada kuma in fita ranar Litinin, don tun 2021 masu fafutukar Biyafara suka sa dokar zaman gida a ranar, kuma ko da aka ce an janye ta tsoro bai bar mutane ba.

Duk inda na gifta "Aboki, Aboki" ake kira na, wani da fara'a, wani da wata irin murya da ba ta yi min daɗi ba. Da na yi wa abokina ƙorafi sai ya ce, "To Alhaji, ku da kuke ce mana Inyamurai fa? Ka san ma'anarsa? Ba ni ruwa." Ban sake tada zancen ba.

Nnewi gari ne na 'yan kasuwa. Hanya duk ramuka, amma ta kowane gefe gidajen bene ne na gani na faɗa, yawancinsu a kulle duk shekara, masu su na Legas da Kano da Guwanzu ta ƙasar Sin, sai Kirsimeti ko jana'iza su dawo. Kasuwar Nkwo ita ce uwar kayan gyaran mota da babur, rabin abin da muke saye a Sabon Gari daga nan yake tasowa. Garin su Ojukwu, jagoran Biyafara, ne kuma, nan aka binne shi a 2012. A ɗakin baƙi na gidan su abokina aka sauke ni. Abin da ba zan manta ba, sun sayi rago sun ɗaure, suka ce ba za a taɓa shi ba sai na iso na yanka da hannuna, aka kuma ware tukunya sabuwa. Da safe aka kawo min wani abu a ganyen ayaba mai kama da alala, suna ce masa okpa. Na ɗanɗana na ce ai wannan gurjiya ce. Aka yi ta dariya, wai har Alhaji ya gano sirrin.

Goro ne ya ba ni mamaki. Mu mukan ɓantara mu jefa a baki muna tafiya. Su sai an kawo a faranti, an zagaya da shi an nuna wa kowa bisa girma, babba ya ɗaga ya yi doguwar addu'a da harshensu, don a cewarsu goro ba ya jin Turanci. Nasu ma hannunruwa ne, mai ɓari uku ko huɗu. Irin namu mai ɓari biyu "gworo" suke ce masa, ba a buɗe taro da shi. Bikin kansa an yi ranar Asabar, amarya ta zagaya da ƙoƙo tana neman angonta cikin taro, an yi liƙi har ƙasa ta rufe, ni da lemon kwalba na a gefe.

Lahadi bayan sun taso daga coci muka hau mota zuwa Amichi, ni da abokina da mahaifinsa. Tsohon ya haura tamanin da biyar, kuma shi ne ainihin abin da na samo a tafiyar nan. Ya zo Kano yana saurayi, ya yi aikin kanti, ya gina gida mai ɗaki shida a Sabon Gari. Hausarsa ta mutanen da ce, yana lissafi da sule da sisi da taro, yana tambaya ta ko har yanzu ana kiran Bata da Bata. Ya bar Kano a jirgin ƙasa a watan Oktoban 1966, lokacin kashe-kashen da suka ci dubban 'yan Gabas a garuruwan Arewa. Ya ce maƙwabcinsa, wani mahauci ɗan Fagge, shi ya ɓoye shi kwana uku a ɗakin matarsa, ya sa masa babbar riga da hula ya raka shi tasha.

Amichi ƙauye ne mai jar ƙasa da itatuwan kwakwar manja, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba. Gidan da muka je nema tsohon bene ne na wani attajirin garin, ba shi da wani kwarjini da zai sa ka tsaya in ba an nuna maka ba. Mun yi rashin sa'a, masu makulli sun tafi jana'iza wani gari, sai daga waje muka tsaya. Na ɗan ji haushi, tafiyar sa'a goma sha bakwai ka zo ka tsaya a bakin ƙofa. Amma tsohon ya jingina da mota, ya dogara sandarsa, ya ba ni labarin kwanakin nan kamar jiya aka yi.

Ƙarshen 1969 abin da ya rage na Biyafara ɗan yanki ne da mota za ta ratsa cikin sa'a biyu, cike da miliyoyin mutane da ba su da gishiri balle nama. Umuahia, hedikwatarsu, ta faɗi tun watan Afrilu. Ranar 9 ga Janairun 1970 rundunar Kanar Obasanjo ta karɓe Owerri. Ojukwu ya tara majalisarsa, ya miƙa ragama ga mataimakinsa Philip Effiong, cikin daren 10 wayewar 11 ga wata ya hau jirgi a Uli ya nufi Kodebuwa, ya bar saƙon cewa neman zaman lafiya ya tafi. "Mu dai mun ji a rediyo," in ji tsohon, "muka ce to, mai gida ya fita ta taga."

Effiong ba Ibo ba ne, Ibibiyo ne daga yankin da yanzu ake kira Akwa Ibom, kuma shi aka bar wa ɗaukar gawar. Ranar Litinin 12 ga wata da yamma ya yi magana a rediyo. Ya ce wahalar mutane ta isa haka, waɗanda suka hana sulhu sun janye kansu, ya umarci sojojinsa su janye daga fagen daga cikin tsari, ya roƙi Gowon ya tsayar da nasa, ya kuma ce ba za a kafa wata gwamnatin gudun hijira ba. Wannan na ƙarshen ba ƙaramar magana ba ce. A lokacin abin da kowa ke tsoro shi ne sojojin su watse cikin daji su koma sari-ka-noƙe, a shekara goma ana abu ɗaya. Washegari, 13 ga wata, Obasanjo ya zo gidan nan da muke tsaye a gabansa ya gana da Effiong da hafsoshinsa. Yawancinsu sun san juna, tare suka yi bariki a Kaduna da Zariya, wasu tare suka je Kwango. Daga nan aka kwashi tawagar zuwa Legas.

Na tsaya ina kallon tagogin benen, ina lissafin cewa a ranar Obasanjo yana da shekara 32, Gowon 35. Wani yaro ya wuce da tiren gyaɗa, na saya ta ɗari biyu, muka juya.

Litinin kuwa garin ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Ba mota, ba babur, kantuna a garƙame, yara na buga ƙwallo a tsakiyar titi. Tunda ba fita, wuni muka yi da tsohon a barandarsa, kuma nan ne aka yi maganar da har yau take min yawo a ka.

Na buɗe wayata na nemo abin da Effiong ya karanta a Barikin Dodan ranar 15 ga Janairun 1970, shekara huɗu cif da juyin mulkin farko. Shi da 'yan tawagarsa, har da babban alƙalinsu Sir Louis Mbanefo, cikin kayan gida suka je, ba kaki ba. Na riƙa fassara wa tsohon da Hausa, don ya ce Turancin soja ba ya shigar masa. Magana huɗu ce kawai. Ta farko, sun tabbatar su 'yan Najeriya ne masu biyayya, sun amince da ikon Gwamnatin Soja ta Tarayya. Ta biyu, sun karɓi tsarin mulki da na siyasa yadda yake a lokacin. Ta uku, duk wani tsarin mulki da za a yi nan gaba wakilan jama'ar Najeriya ne za su tsara shi. Ta huɗu, daga yau babu Jamhuriyar Biyafara. Aka sa hannu, Gowon ya rungume shi.

Ta biyun ta fi yadda ake ganinta nauyi. Tsarin da ake nufi shi ne jihohi 12 da Gowon ya ƙirƙira ranar 27 ga Mayun 1967, kwana uku kafin Ojukwu ya ayyana ɓallewa. Tsarin ya raba tsohuwar Jihar Gabas gida uku, ya ba ƙananan ƙabilu jihar Ribas da ta Kudu maso Gabas, ya bar Ibo da jihar Gabas ta Tsakiya, ba teku, ba Fatakwal, ba yawancin rijiyoyin mai. Wanda ya sa hannu kan wannan layin ya sallama abin da aka yi wata 30 ana zubar da jini a kansa.

Tsohon ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, sake karantawa." Na sake. Ya ce, "To a wane layi aka rubuta kuɗina?"

Ya ce kafin ya gudu yana da fam ɗari huɗu da 'yan kai a banki. A cikin yaƙi ya taɓa asusun, ga kuma kuɗin Biyafara da ya tara cike da jaka, tunda Gwamnatin Tarayya ta canza takardun kuɗinta a farkon 1968, su ma suka buga nasu. Bayan an gama aka ce kowa ya kai abin da ke hannunsa, aka yi ta jira, daga ƙarshe aka ba kowa fam ashirin, ko nawa ka kai. Mai fam dubu da mai fam hamsin duk ɗaya. Na ce masa na ji masu kare matakin suna cewa kuɗin Biyafara an buga su ba lissafi, ba gwamnatin da za ta iya canza su ɗaya bisa ɗaya. Ya ce ya sani, shi ma ɗan kasuwa ne. "Amma da aka zo 1972 aka ce 'yan ƙasa su sayi hannun jari a kamfanonin Turawa, da me zan saya? Da fam ashirin?"

Sai dai bai tsaya nan ba, kuma ba ni na ja shi ba. Ya ce su fa sun sa rai za a yanka su ne gaba ɗaya, haka rediyonsu ta shekara uku tana gaya musu, haka ma wasu jaridun Turai suka yi ta hasashe. Ba a yi ba. An yi ɓarna a makonnin farko, sojoji sun ƙwace kaya, an ɗauke mata, wannan bai ɓoye ba. Amma Gowon ya yi shelar afuwa, ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, ya kawo shirin sulhu da sake gini da farfaɗo da mutane. Ba a kafa kotun yaƙi an rataye kowa ba. Ma'aikatan gwamnati da yawa sun koma bakin aikinsu. Hafsoshi kuwa wani kwamiti ne ƙarƙashin Janar Adeyinka Adebayo ya tace su: wasu aka mai da su soja, wasu aka kore su, waɗanda ke da hannu a juyin mulkin 1966 da mamaye Jihar Yamma ta Tsakiya aka tsare su 'yan shekaru. Effiong kansa bai sake sa kaki ba har ya rasu a 2003. Sai a 2000, da Obasanjo ya dawo a farar hula, aka mai da korar tasu ritaya. Ojukwu ya shekara goma sha biyu a waje kafin Shagari ya yi masa afuwa ya dawo a 1982, lokacin kuwa mataimakin shugaban ƙasa Alex Ekwueme ne, ɗan nan jihar.

Na tambaye shi gidansa na Sabon Gari. Nan fuskarsa ta canza. Ya ce a 1971 ya yi ƙundunbala ya hau jirgi ya koma Kano, da riga ɗaya a jikinsa. Ya tarar mahaucin nan ya zuba 'yan haya, ya gyara rufin da ya yoye. Mutumin ya shiga ɗaka ya fito da gwangwanin madara da wani littafi da ɗansa ke rubuta masa, kuɗin haya na shekara huɗu da wata bakwai, an cire na kwano da na kafinta, ga saura. "Da wannan na sake tsayawa, ba da fam ashirin ba." Ya ce ƙaninsa da ya yi gida biyu a Fatakwal, cikin tsohuwar jiharsu ta Gabas, bai sake kwana a ko ɗaya ba, an ce dukiya ce da aka yasar. Wannan ba labarinsa kaɗai ba ne, sananne ne cewa da yawa sun sami gidajensu a Kano da Kaduna da Jos da Legas, Fatakwal ce ta zama ƙashin kifi. Na ji daɗi a raina, ba zan ɓoye ba, sai kuma na tuna dalilin da ya sa tun farko ya bar gidan cikin rigar aro.

Talata da sassafe na yi sallama. Abokina ya haɗa ni da wani direba da ya yarda da shi, naira 45,000 har Umuahia, da sharaɗin ba za mu daɗe a yankin Ihiala ba, don wajen ba lafiya. Shingaye a nan sun fi na ko'ina, wani wurin sai fasinja ya sauka ya wuce a ƙasa. A Uli na ce ya tsaya. Filin jirgin da ya riƙe Biyafara ba fili ba ne, wani miƙaƙƙen sashe ne na titin Onitsha zuwa Owerri aka faɗaɗa. Da dare jiragen agaji na coci-coci ke tasowa daga tsibirin Sawo Tome da madarar gari da busasshen kifi, na makamai ma na bi ta nan, a kunna fitilu na 'yan daƙiƙu a kashe saboda jirgin Tarayya da ke shawagi a sama. Yau ciyawa ce da gonakin rogo, sai jami'ar jiha da aka sa wa sunan Ojukwu a kusa. Minti biyar direba ya ba ni, yana ta waige-waige.

Owerri mun tsaya Ama Hausa na yi azahar na ci tuwo, muka haye kogin Imo muka shiga Umuahia da la'asar. Ɗakin otal naira 18,000, janareta ya mutu ƙarfe goma sha biyu, sauro ya karɓi aiki.

Gidan tarihin yaƙi na Umuahia an kafa shi a 1985. A fili ga jirgin ruwan yaƙi NNS Bonny a kan tudu, ga jiragen sama na Rasha da Tarayya ta yi amfani da su, ga ɗan mitsitsin jirgin da wani bature ɗan Suwidin, von Rosen, ya kawo wa Biyafara, wanda in ka gan shi sai ka ce na fesa maganin ƙwari ne. Abin da ya fi tsayar da ni motocin sulke ne da suka ƙera da kansu daga tarakta da farantan ƙarfe, da nakiyar nan ogbunigwe mai kama da bokiti, wadda mahaifina in an ambace ta sai ya girgiza kai. Na tuna makeran Nnewi, na ce lallai ba daga sama suka faɗo ba. Akwai ramin da gidan rediyonsu ya ɓuya, a wata unguwar kuma ramin Ojukwu na ƙarƙashin ƙasa, da ɗakuna da matakala, zafi kamar tanda. Ɗakin hotunan yara masu tamowa ban iya daɗewa ciki ba. Ƙiyasin waɗanda suka mutu a yaƙin ya fara daga rabin miliyan har miliyan 2 ko fiye, kuma yunwa ta fi harsashi kisa. Mai yi mana bayani, matashi ne, da ya ji daga Kano nake sai ya ce ko na san Ojukwu a Zungeru aka haife shi, kuma shi ne kwamandan bataliya ta biyar a Kano a 1966, abokin Sarki Ado Bayero? Na ce na sani, barikin ma ina wuce shi kullum.

Komowa ta kasuwar shanu ta Lokpanta na bi, kan titin Enugu, inda na sami gaban wata tirela da ta sauke shanu za ta koma Arewa, direban ɗan Hadeja ya ƙi karɓar ko sisi. Enugu, Makurdi, Lafiya, Akwanga, kwana ɗaya da wuni, ƙurar hunturu na ƙaruwa, leɓena na tsagewa, ina jin daɗin hakan.

Ranar da zan bar Nnewi tsohon ya ba ni abu biyu. Ɗaya saƙo ne, in nemi jikokin mahaucin nan a Fagge in gaishe su, ya kwatanta min gidan da wata bishiyar durumi da na tabbata an sare ta tun ban yi wayo ba. Ɗayan takardar fam ɗaya ce ta Biyafara, ta yi laushi kamar tsumma, da hoton bishiyar kwakwa da rana na ɓullowa a bayanta. Da na isa gida na kai wa Hajiya, mahaifiyata, na ce ta ga tsarabar Gabas. Ta sa tabarau ta juya ta, ta ce ai irin wannan Malam ya dawo da su cike da aljihun kaki, yayyena suka yi ta wasan kanti da su a tsakar gida har suka yayyage. Ta miƙo min, ta ce in je Fagge tun tsohon yana da rai.